Yadda zaki haɗa littafinki na girkin Italiya, kowane abinci da kiɗan garinsu

Akwai wasu littattafan girki na Turawa da suka daɗe suna burge ni, irin waɗanda zaki buɗe shafi ki ga yadda ake dafa abincin Italiya, a gefe kuma an rubuta miki kiɗan da zaki kunna lokacin girkin ko lokacin ci. Na da ɗin har faifan CD ake manna musu a cikin bango, na yanzu kuma ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu suke bugawa ki haska shi da waya ya kai ki wajen waƙoƙin. Guda biyu suka taɓa shigowa hannuna kuma wallahi na ji daɗinsu, sai dai duk sanda na ce bari in girka wani abu daga ciki sai na ci karo da matsala, ko dai a ce ki zuba rabin kofin giya, ko naman alade, ko wani cuku da ko a manyan kantunan Abuja sai kin sha yawo, sannan kiɗan ma wani lokacin kawai an jera shi ne, abincin wani gari waƙar wani gari babu abin da ya haɗa su. Shi ya sa na sayi littafin rubutu mai kauri na fara haɗa nawa, kuma shi nake so in nuna miki yadda ake yi, da cikakken abincin dare na mutum 4 da zaki fara cika shafukan farko da shi.

Mataki na 1: shirya littafin

Uwargida ki samu littafi mai bango mai ƙarfi wanda in mai ya ɗiga a kai zaki goge. Kowane girki ki ba shi shafi biyu masu kallon juna. A na hagu sunan abincin da garin da ya fito, kayan haɗi da awonsu, sai yadda ake yi. A na dama kuma abu uku: kiɗan girki, kiɗan ci, sai ki bar rabin shafin fili saboda gyare-gyaren da zaki riƙa rubutawa duk sanda kika sake dafawa. Kar ki raina filin nan, nan gaba shi ne zai fi komai amfani.

A shafin farko na littafin ki rubuta kalmomin da in kika gansu a girkin Italiya zaki san naman alade ne ko kitsensa: pancetta, guanciale, prosciutto, lardo, strutto, salsiccia, mortadella. Giya kuma vino, akwai kuma wata giyar mai suna Marsala da suke sawa a kayan zaƙi da wasu miyoyin nama. In girki ya ce giya, ki sa romo ki matsa lemon tsami cokali ɗaya a ƙarshe, don ɗan tsamin nan ake nema. In ya ce pancetta yawanci a cire shi kawai a ƙara man zaitun, abincin baya lalacewa.

Mataki na 2: ƙa'idar haɗa abinci da kiɗa

Ni ƙa'ida biyu nake bi kuma ban taɓa nadama ba.

Ta farko, gari ɗaya. Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, kafin nan kowane yanki da masarautarsa da harshensa da tukunyarsa, kuma har yau ɗan Napoli da ɗan Venis ba abinci ɗaya suke kira na gida ba, ba kuma kiɗa ɗaya suka tashi da shi ba. To in zaki dafa abincin Sisili nemi mawaƙin Sisili. Kinga dai yadda in aka ajiye miki fura da nono a ƙwarya aka sa miki Shata a rediyo komai yake zama daidai ba sai an yi miki bayani ba, haka abin yake a wajensu.

Ta biyu, kiɗan girki daban na ci daban. Na girki aiki yake miki, shi ne agogonki, tsawonsa zaki auna da lokacin da abin yake ɗauka a wuta. Wannan dabarar kamfanin taliya na Barilla ma ya yi ta a 2021, suka sa jerin waƙoƙi a manhajar jin kiɗa ta Spotify da tsawon kowanne ya yi daidai da dahuwar wata irin taliya, na sifageti minti 9, kina zubawa a ruwa ki kunna, yana ƙarewa ki sauke. Na ci kuma dole ya zama mai sanyi wanda mutane zasu yi hira a kansa.

Wannan ta biyun da ciwo na koye ta. Ranar farko da na gwada na gayyaci Hajiyarmu da yayata da mijinta, na yi girki tun la'asar, da aka zauna sai na kunna opera, wasan kwaikwayon nan nasu da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, na ƙure sifika don ina so su ji abin da nake ji. Muryar matar ta cika falon, kowa ya sunkuyar da kai yana ci babu mai cewa uffan, can Hajiya ta ajiye cokali ta ce “'yar nan rage mana abin nan mu ji juna mana.” Na rage, sai a lokacin hira ta ɓarke, sai a lokacin aka fara yaba abincin. Tun daga ranar muryar opera a kicin take tsayawa, a teburi kuwa fiyano ko jita ko goge, ƙasa-ƙasa.

Wani abu da zai taimake ki wajen zaɓe, kalmomin saurin kiɗa yawancinsu na Italiyanci ne kuma ana rubuta su a jikin sunan kiɗan. Adagio a hankali, andante kamar tafiyar ƙafa, allegro da hanzari, presto a guje. Ni har a gefen girkin nake rubuta su, adagio wajen miyar da za a bari a ƙaramar wuta, presto wajen da ba a son ki juya baya.

Mataki na 3: tsarin cin

Su ba sa tara komai a faranti ɗaya. Antipasto ɗan abin taɓawa ne na buɗe ciki, primo taliya ko shinkafa ko miya, secondo nama ko kifi, sai dolce kayan zaƙi da kofi. Saboda haka awon kowanne kaɗan ne, taliya giram 80 zuwa 100 ga mutum ɗaya. In kin san mutanen gidanki ba zasu ƙoshi ba ki dafa ledar giram 500 ɗin gaba ɗaya ki ƙara tumatir, babu laifi.

Ki sa cin ya zama bayan isha'i, ta yadda ba za a katse ana tsakiyar ci ba, kuma duk sanda aka kira salla kina kicin ki kashe kiɗan, in kin dawo ki ci gaba daga inda ya tsaya. Ki sauke duk kiɗan a waya tun da rana kar data ko netwok ya ba ki kunya, ki kuma yi cajin sifika.

Shafi na farko: bruschetta da Rossini

Ana kiransa burusketta. Burodi mai ɗan tauri ake so, ba mai laushin nan mai sukari ba, in shi kaɗai gareki ki bar shi ya kwana. Yanka 8 masu kaurin yatsa, ki gasa a busasshen kasko ko kan gawayi har su yi ja su yi ƙaras-ƙaras. Da zafinsu ki ɗauki ƙwayar tafarnuwa da kika raba biyu ki goga a fuskar kowanne, zaki ga tana narkewa a kai kamar sabulu. Tumatir 4 jajaye masu tauri ki cire 'ya'yan ki yanka ƙanana, gishiri kaɗan, man zaitun cokali 3, ganyen daddoya ki yayyaga da hannu. Daddoyarmu ta fi tasu ƙarfin ƙamshi don haka rabin abin da littafinsu ya ce ya isa. Ki haɗa tumatirin minti 15 kafin ci, amma kar ki ɗora a burodin sai za a kai teburi in ba haka ba zai jiƙe.

Kiɗansa na Gioachino Rossini ne, an haife shi a Pesaro a 1792, ya rubuta opera 39 sannan a 1829 yana da shekara 37 ya daina, ya rasu a Faris a 1868. Mutum ne da ya shahara da son abinci har masu dafa abinci suka riƙa sa wa girki sunansa. Da ya tsufa ya riƙa rubuta ƙananan kiɗan fiyano na nishaɗi, a ciki akwai guda 4 da ya raɗa wa sunayen kayan buɗe ciki, radish da ƙananan kifin gishiri da kokwamba mai tsami da bota, akwai kuma wasu 4 masu sunan busasshen ɓaure da almon da zabibi da wata 'yar gyaɗarsu. Ki nemi sunansa da kalmomin Quatre hors d'oeuvres zaki samu na farkon, su zaki kunna da baƙi sun zauna. Na biyun ki adana su, zamu dawo kansu.

Shafi na biyu: pasta alla Norma da Bellini

Wannan shi ne zuciyar littafin, don shi abincin ma sunan kiɗa gare shi. Daga Kataniya yake, birnin da ke gindin dutsen Etna mai aman wuta a tsibirin Sisili. A nan aka haifi Vincenzo Bellini a 1801, ya rasu a 1835 bai kai shekara 34 ba. Operarsa Norma an fara nuna ta a gidan La Scala na Milan ranar 26 ga Disamba 1831, kuma matar da ta fara fitowa a matsayin Norma ɗin sunanta Giuditta Pasta, wallahi haka sunanta yake. Mutanen Kataniya suna ji da shi sosai, babban gidan operarsu da aka buɗe a 1890 sunansa aka sa kuma da Norma aka buɗe shi. Labarin da suke bayarwa shi ne wani marubucin wasan kwaikwayo na garin, Nino Martoglio, ya ɗanɗana taliyar nan ya kamanta ta da Norma saboda daɗi, sunan ya bi ta.

Kayan haɗi na mutum 4: taliya giram 400, makaroni mai rami ta fi riƙe miya amma doguwar ma ta yi. Yalon Turawa, baƙin nan babba mai sheƙi, guda 2 wajen giram 600. Tumatir giram 800, wato manya kamar 8 zuwa 10 da suka nuna sosai. Tafarnuwa ƙwaya 2, man zaitun cokali 3 na miya, man gyaɗa na suya, daddoya, gishiri, da cuku kamar giram 100. Nasu ricotta salata ne, farin cuku busasshe mai gishiri da ake gogawa. Ni in ban samu ba busasshen cukun Nijar nake gogawa a gireta in barbaɗa masa gishiri, ba ɗaya suke ba amma yana zama da yalon sosai.

Da ƙarfe 5 ki yanka yalon kamar girman ƙwayar magi biyu a haɗe, ko zagaye-zagaye mai kaurin rabin yatsa, ki zuba a kwando ki barbaɗa gishiri cokali ɗaya ki juya, ki ɗora faranti da wani abu mai nauyi a kai, minti 30. Zaki ga wani ruwa mai duhu yana ɗiga. Ki ɗauraye sama-sama sannan ki goge da tsabtataccen ƙyalle har su bushe, nan ne mutane suke ganganci, yalo mai ruwa in ya shiga mai fantsama yake kuma ya sha mai kamar soso.

Kafin nan kin tsaga bayan tumatirin kin tsoma a tafasasshen ruwa minti 1, bawon zai saɓule da kansa, ki cire 'ya'yan ki dagargaza da hannu. Kar ki kai inji, kar ki sa tattasai ko attaruhu mai yawa, ba miyar shinkafa muke yi ba. Ki sa man zaitun a tukunya a ƙaramar wuta da tafarnuwar da kika ɗan daddanne da wuƙa, da ta fara launin zinare ki zuba tumatir da gishiri da ganyen daddoya 3, ki rage wuta. Minti 25 take so ba rufi, kina juyawa jefi-jefi. Nan zaki kunna Bellini, ki fara daga kiɗan buɗewar Norma ki bar shi ya tafi, dukan operar ta kai wajen awa 2 da rabi don haka zata raka ki har ki gama komai. Bellini an san shi da dogon layin waƙa mai tafiya a hankali ba ya gaggawa, kuma abin da miyar tumatir take buƙata kenan, in kika ji kunnenki ya nutsu hannunki ma ba zai kai ga ƙara wuta ba. Alamar ta yi, ki ja cokali a tsakiyar tukunya ki ga hanya ta buɗe ta ɗan jima kafin ta rufe, man kuma ya taso a gefe. Ki cire tafarnuwar.

Suyar yalo kuma mai ya yi zafi sosai, ki jefa ɗaya ki gani, in ya taso nan take da ƙananan kumfa a kewaye to ya yi. Kaɗan-kaɗan zaki zuba kar su hau kan juna. Da farko fari ne kamar auduga, sai gefen ya fara rawaya, sai ƙamshi ya canza daga ɗanye zuwa wani mai kama da gasasshiyar gyaɗa, minti 4 zuwa 5 ya zama ruwan zuma cikinsa ya yi laushi. Ki tsame a kan takarda. Kar ki rufe su, tururi zai sa su yi lagwab.

Taliya ita ce ta ƙarshe kuma sai baƙi sun zauna suna cin burodinsu zaki zuba ta. Ƙa'idarsu lita 1 na ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100, kenan lita 4 da gishiri cokali 2 da rabi. Ba mai, ba magi, kuma kar ki karya ta. Su al dente suke so, wato ta dahu amma in kin ciza haƙori ya ji ta. Taliyar kasuwarmu kowane kamfani da lokacinsa, don haka kwana ɗaya kafin nan ki gwada 'yar kaɗan da agogo, ki rubuta mintin a littafinki, ki nemi kiɗa ɗaya ko biyu da tsawonsu ya yi daidai. Minti 1 kafin ta kai ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye, ki tace ta, kar ki wanke da ruwan sanyi don sitacin jikinta shi ke kama miya. Ki juye ta cikin miyar a kan wuta da rabin yalon, ki juya minti 1, in ta yi kauri ki ɗiga ruwan da kika ajiye. A faranti ki ɗora sauran yalon a sama, sai cuku, sai ganye. Fari a kan ja da baƙi. Kiɗan ci ki nemi waƙoƙin Bellini da aka kaɗa da fiyano kawai ba murya, suna da yawa.

Shafi na uku: kifin Napoli

Sunansa pesce all'acqua pazza, kifi a mahaukacin ruwa, girkin masunta ne. Karfasa manya 2 ko yankan giwan ruwa 4, ki wanke da lemon tsami ki sa gishiri. A faffaɗan kasko mai murfi man zaitun cokali 4, tafarnuwa 3, ɗan attaruhu ɗaya in kina so, sai tumatir giram 400 da kika yanka gida huɗu, minti 5. Ruwa kofi ɗaya da rabi, ya tafaso, ki kwantar da kifin ki rufe ki rage wuta, minti 12 zuwa 15 kina ɗiban romon da cokali kina zuba masa a baya, ba a juya shi. Lemon tsami da ganyen fasili a ƙarshe. Romon ki yi shi tun kafin baƙi su zo, kifin kuma ki sa shi lokacin da kika kai taliya teburi, kafin su gama ya dahu. A ci da ragowar gasasshen burodi ana dangwala.

Napoli gari ne na waƙa, gidan operarsu San Carlo tun 1737 yake, can aka haifi shahararren mawaƙin opera Enrico Caruso a 1873. Amma na teburi ni Roberto Murolo nake sawa, wanda ya rasu a 2003, shi da jitarsa kawai yake rera tsofaffin waƙoƙin garin da murya ƙasa-ƙasa kamar yana zaune a kusurwar ɗakin. Shi kaɗai ne mai murya da nake yarda ya hau teburina. In kin fi son babu murya ki nemi kiɗan mandolin na Napoli, wata 'yar ƙaramar abar kaɗawa ce mai tsirkiya 8 da bayanta ya yi kama da rabin ƙwarya. Duk waƙar da zaki sa mai baiti ki duba fassararta tukuna ki san me ake cewa a gidanki.

Shafi na huɗu: rufewa

Ba sai kin wahalar da kanki da kek ba. Faranti ɗaya, busasshen ɓaure, zabibi, almon, in babu ɓaure dabino ya tsaya masa, sai kofi baƙi mai ƙarfi a ƙananan kofuna. Ki kunna ɗayan rukunin na Rossini, Quatre mendiants, ki faɗa wa baƙin cewa abin da suke ci shi ne sunan abin da suke ji. Yayata har yau in ta zo sai ta ce a sa mata kiɗan zabibi.

Shafin wata rana: risi e bisi da Vivaldi

Wannan ba na daren nan ba ne amma ki rubuta shi, don a nan ne kiɗa yake zama agogo na gaske. Shinkafa da koren wake ne, wato peas, na Venis, wanda a da ake kai wa sarkin birnin, Doge, ranar bikin San Marco 25 ga Afrilu. Shinkafa giram 300 mai gajeren ƙwaya irin Arborio ko Carnaroli, in babu shinkafar tuwo tana yi sai dai tana saurin fashewa ki rage mata minti 3, kuma kar ki wanke ta da yawa. Koren wake giram 400, romon kaza lita ɗaya da rabi yana kan wuta a gefe da zafinsa, albasa 1, bota cokali 3, cuku Parmigiano in kin samu. Ki soya albasa a rabin botar har ta yi laushi ba ja ba, ki zuba waken da ludayin romo minti 5, sai shinkafa, daga nan ludayi ɗaya-ɗaya kina juyawa, in ya kusa tsotsewa ki ƙara. Wajen minti 18 ne. Ana son ta da ɗan ruwa-ruwa, tsakanin fate da shinkafa, da cokali ake ci. Ki sauke ki sa sauran bota da cuku ki buga da muciya ki rufe minti 2.

Antonio Vivaldi ɗan Venis ne, an haife shi a 1678, ya yi shekaru yana koyar da gogen Turawa a gidan marayu mata na Pietà. Kiɗansa na yanayi huɗu na shekara da aka buga a 1725, kowane yanayi wajen minti 10 ne, kashi uku, mai sauri sai mai sanyi sai mai sauri. Ki kunna na farko kina zuba shinkafa, in na biyu ya shiga kashinsa na ƙarshe, wanda gogen ke gudu kamar hadari ya taso, ki ɗanɗana, yawanci a nan take kaiwa. Kowane rukunin makaɗa da saurinsu, don haka ki zaɓi ɗauka ɗaya ki tsaya a kanta ki rubuta sunansu a shafin.

Mataki na ƙarshe: rubutu a daren

Da baƙi sun tafi, kafin ki kwanta ko da kwanukan na jiranki, ki buɗe littafin ki cika filin nan na dama da kwanan wata. Minti nawa taliyar ta ɗauka a gas ɗinki, gishirin ya yi ko ya zarce, a wane waje na kiɗan miyar ta yi kauri, wa ya ƙara wa ya rage, wane kiɗa ne aka yi hira a kansa wanne ya sa aka yi tsit. Kar ki ce sai da safe, zaki manta rabi. A shafina na Norma akwai layi 6 yanzu, na farko ya ce yalon ya sha mai ban goge shi da kyau ba, na huɗu ya ce cukun Nijar ya fi daɗi in an goge shi tun da rana ya sha iska.

Girki ɗaya a wata ya isa, bayan waɗannan da na ba ki kar ki rubuta sabon da baki dafa da hannunki aƙalla sau biyu ba. Ni yanzu ina kan na yankin Puglia, taliyarsu orecchiette da ake murzawa da babban yatsa ta fito kamar ɗan kunne, garin semolina giram 400 da ruwan ɗumi kusan mililita 200 ba ƙwai, duk wadda ta taɓa murza taliyar gida hannunta ba zai yi baƙunta ba. Kiɗanta pizzica na Salento da ke kudancin Puglia, da wani ganga mai fuska ɗaya da ƙararrawa a gefe kamar bandiri ake kaɗa shi, yana da sauri sosai, na kicin ne zalla lokacin murzawa. Sau ɗaya na yi ya zuwa yanzu kuma rabinsu sun yi kauri a tsakiya, sai Asabar mai zuwa in sake kafin ya shiga littafi.